Shiga kulob bayan ka haura ashirin: ta inda na bi, da inda zan so ka bi

Ina da shekara 23 ranar da na fara sa ƙafa a atisayen kulob mai rajista. Kafin nan duk ƙwallon da na buga ta bayan layinmu ce a Kurna: raga dutse biyu, mutum biyar-biyar, wanda aka ci ya fita. A can ana ji da ni. In aka zo raba set ni ake fara ɗauka, har akwai yaran da suke hawa katanga don su ga na yi yanka. Da wannan girman kan na rufe keken ɗinkina wata la'asar, na tafi filin makarantar firamaren da kulob ɗin yake atisaye, ina ganin minti goma ya ishe ni in nuna musu ko ni wane ne.

Minti goman kuwa ya isa. Sau uku aka kama ni da satar fage, sau ɗaya na yi jifa ƙafata a sama aka karɓe, daga nan sai ga ni dafe da gwiwoyi ina haki kamar wanda kare ya biyo. Koci ya yafito ni gefe ya ce, "Malam tela, ƙafa kam akwai. Amma ka taɓa buga sha ɗaya-sha ɗaya?" Na ce na taɓa, a gasar sallah. Ya ce, "To ba ka taɓa ba."

Na zauna dai. Shekara bakwai na yi ina buga lamba uku, mafi yawa a gasar jiha, kaka biyu a NLO, gasar mataki na uku a ƙasa. Ban taɓa shiga gasar Firimiya ta Najeriya ba sai da tikiti a hannuna. Yanzu ina taya kocin nan kula da yara, kuma da wuya wata ya wuce wani saurayi mai gemu bai tsaya bakin fili har a tashi ba, sannan ya matso ya ce, "Yaya, don Allah na makara?" Abin da nake gaya musu a tsaye a gurguje shi ne zan baje a nan.

Tukuna, me kake nema?

Duk wanda ya makara da sunan Jamie Vardy yake zuwa a baki. Gaskiya ne Leicester ta saye shi daga Fleetwood a 2012 yana da shekara 25, a kan fam miliyan 1, kuma a 2016 ya ɗaga kofin Firimiyar Ingila. Gaskiya ne ya yi aikin masana'anta yana buga ƙwallo a gefe. Abin da masu ba da labarin a gidan kallo suke tsallakewa shi ne, yana cikin matasan Sheffield Wednesday har shekara 16, kuma bayan sun sallame shi ya shafe shekaru yana buga gasa mai alƙali da tebur a Stocksbridge. Haka Edouard Mendy, golan Senegal da ya yi shekara guda ba kulob yana da 22 kafin ya zo ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2021, ya sha horo tun yana yaro a Faransa. Waɗannan ba ƙwallo suka makara farawa ba, ganinsu aka makara yi. Kai da ni matsalarmu daban: shekarun da ake zuba wa yaro tsayuwar fili a kansa, mu muna bayan layi muna yanka.

Kuma masu neman 'yan wasa don fitarwa waje irin su Ahmed Musa suke nema, wanda ya ci ƙwallo 18 a gasar ƙasa da rigar Kano Pillars yana ɗan shekara 17, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010. Yaro ne ake saya da arha a sayar da tsada. Ɗan shekara 24 da bai taɓa buga gasa ba, ba ya cikin wannan lissafin, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji bayan ka sayar da babur.

To amma ƙwallo mai tsari ba Turai kaɗai ba ce. A Najeriya tsanin hawa huɗu ne. A sama akwai NPFL, wato gasar Firimiya, inda su Pillars da Katsina United da El-Kanemi da Plateau United suka saba fafatawa. Ƙarƙashinta NNL, sai NLO wadda take da rukunoni kuma ƙananan kulob suka fi yawa a cikinta, sannan gasar da hukumar ƙwallon kowace jiha take shiryawa. A ganina, duk mai lafiya da bai wuce talatin da 'yan kai ba zai iya samun gurbi a gasar jiha. Wanda ya fara tsakanin 20 da 23, yana da jiki da naci, NLO ba ta fi ƙarfinsa ba, wani ma har NNL. Daga nan zuwa sama ƙofar siririya ce ƙwarai, sai wanda Allah ya ba wani abu da ba a samu a kasuwa: gudu na fitar hankali, ko tsawo da tsalle, ko ƙafar hagu mai kyau. Ka zaɓi hawan da kake nufi tun yanzu, don shi zai gaya maka nawa za ka zuba na lokaci da kuɗi.

Wani abin ƙarfafa gwiwa: abin da ka rasa a farko kana iya ƙara wani abu daga cikinsa a ƙarshe. Rabi'u Ali Pele, haihuwar 1980, ya haura arba'in yana ci wa Pillars ƙwallo. Kula da jiki ne.

Wata biyu kafin kowa ya gan ka

Kada ka yi irin tawa, ka je da huhun ƙwallon layi. Ka ba kanka mako takwas.

Fara da asibiti. A auna hawan jini, a yi hoton bugun zuciya na ECG, ka gaya wa likita ƙwallon gasa za ka shiga. In ka taɓa suma a guje, ko ƙirji yana riƙe ka, ko a danginku wani ya taɓa faɗuwa ya rasu da ƙuruciya, faɗa masa. Samuel Okwaraji a fili ya faɗi a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a watan Maris 2020. Waɗannan 'yan wasa ne da ke atisaye kullum.

Sai gudu. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya kama titi da asuba yana sassarfa awa guda, ya dawo yana ganin ya gama. Ƙwararren ɗan wasa yakan ci wajen kilomita 10 a wasa ɗaya, amma ba da gudu iri ɗaya ba: ya fizga, ya tsaya, ya juya, ya sake fizga. Abin da yake kashe sabon shiga shi ne fizga ta ashirin, ba nisan ba. Ga abin da koci ya ɗora ni a kai, sau uku a mako. Ka gudu tsawon fili da ƙarfi, ka taka faɗinsa a hankali, ka sake gudun tsawon, ka taka faɗin. Zagaye huɗu, hutun minti uku, ka sake. Makon farko zubi biyu ya ishe ka, kuma za ka zage ni a zuciyarka. Ka riƙa ƙara zubi ɗaya duk bayan mako biyu. Sassarfar titi a bar ta sau ɗaya a mako.

Jijiyar bayan cinya da ta matse-matsi su ne suka fi cin amanar wanda ya fara a makare, don ba su saba da birki a guje ba. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti ashirin da ake kira FIFA 11+, kyauta yake a intanet har da bidiyo, ka koye shi. A ciki akwai wanda za ka durƙusa, abokinka ya danne maka dugadugai, ka riƙa sulalewa gaba a hankali kana riƙe kanka har ka kai ƙasa. Sau biyar ya isa da farko. Washegari za ka sauka daga gado kamar tsoho, hakan yake.

Na uku, bango. Nemi katangar da mai gidan ba zai fito da sanda ba, ka tsaya taku shida daga ita. Buga da cikin ƙafa, tare, buga. Ɗari da dama, ɗari biyu da ƙafar da ba ta jin magana. Kuma da ƙwallo lamba 5 mai iska sosai, irin wadda ake gasa da ita, ba robar da muka saba ba. Da na fara taɓa ta gaske ji na yi kamar kabewa aka jefo mini.

Batun kaya ba shi da tsawo. But na gwanjo ya wadatar, ni a Ƙofar Wambai na sayi na farko. Ka ɗauki mai gajerun haƙora da yawa, don filayenmu ƙasa ce mai tauri, dogayen haƙora na ciyawar Turai sai su murɗe maka idon sawu. Ka sa shi a atisaye mako biyu kafin ka shiga wasa da shi. Shingad dole ne a doka, alƙali zai iya hana ka shiga in babu.

Zaɓen kulob

Ka yi mako guda kana kallo kawai. A Kano ka leƙa Mahaha a Ƙofar Na'isa, da Race Course, da filin Sabon Gari, da filayen makarantu, da sassafe ko bayan la'asar. Kowane gari yana da irin nasa. Abin da za ka duba: shin kocin yana zuwa da tsari, yana tsayar da wasa ya gyara, ko kuwa raba riga kawai yake ya koma inuwa yana waya? Sannan in an tashi ka gaishe shi da ladabi, ka faɗi shekarunka na gaskiya, ka yi tambaya biyu: wace gasa kuke bugawa, kuma yaushe ake buɗe rajistar 'yan wasa? Wanda ya fara kame-kame, ya koma ba ka labarin Turawan da za su zo wata mai zuwa, yi masa sallama. In kana shakka, ofishin hukumar ƙwallon jiha yana da sunayen kulob ɗin da suka yi rajista, je ka tambaya.

Kuma ka nemi inda za ka buga, ba inda sunan ya fi daɗin faɗa a majalisa ba. Ɗan shekara 16 zai iya ɗumama benci kaka biyu yana koyo. Kai ba ka da wannan rarar. Wasa ashirin a ƙaramin kulob na rukuni na biyu ya fi maka rigar babban kulob da ba ta taɓa jiƙewa da gumi ba.

In ɗalibi ne kai, ƙofarka tana cikin makaranta: jami'o'i suna da NUGA, kwalejojin kimiyya da fasaha NIPOGA, kwalejojin ilimi NICEGA, kuma a can ba wanda zai yi mamakin ɗan shekara 24.

Lambar da za ka buga

Nan ne aka fi yin rigima da ni. Duk wanda ya fito daga ƙwallon layi lamba goma ne ko lamba tara a ransa. Ni ma haka na zo. Bayan mako uku koci ya miƙo mini riga ya ce in koma baya ta hagu. Na ɓata rai, na ce, "Koci, ni fa ɗan gaba ne." Ya ce, "'Yan gaba goma sha ɗaya gare ni, duk sun girme ka a fili ko da ka girme su a gida. Bahago ɗaya gare ni, kai ne. Zaɓi: lamba uku ranar Asabar, ko lamba goma a benci har ka yi jika."

Hikimar ita ce, ɗan baya na gefe layin fili yana kare masa ɓangare guda, wasan kuma yana gabansa, yana ganin komai. Lamba shida da takwas, waɗanda ake kawo musu hari ta kowace fuska, su ne mafi wahalar koya da girma, don suna bukatar idon da aka gina tun yarinta. In kana da tsawo da ƙarfin zuciya, lamba huɗu ko biyar. In gudu ne makaminka, gefe, gaba ko baya. Tsaron raga yana da tsawon rai, gola yakan kai kusan arba'in, amma sai in kulob ɗin yana da mai horar da gola na musamman, in ba haka ba faɗuwa kawai za ka yi ta yi a kan tsakuwa.

Wasana na farko a gasa ba zan manta da shi ba. Lamba bakwai ɗinsu wani siririn yaro ne, bai fi 18 ba, safarsa ɗaya ta zame har idon sawu. Ƙwallon farko da ta zo masa na taso da gudu na zura ƙafa, yadda muke yi a layi. Ya ɗan taɓa ta ta gefena, na wuce kamar an tura ni, sai ƙura na gani. Na biyu ma haka, ita ce ta zama ci. Da aka tafi hutun rabin lokaci ina jiran zagi, sai koci ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa. Ya ce, "Wa ya aike ka ƙwace ƙwallo? Raka shi za ka yi. Tsaya a karkace, ka bar taku ɗaya da rabi tsakaninku, ka toshe masa hanyar ciki, ka bar masa layi. Idonka a kan ƙwallo, ba a ƙugunsa ba. Shi zai gaji ya ba ka ita." Da aka dawo sau biyu yaron ya kai kansa har kusurwa, ya rasa inda zai bi, ƙwallon ta fita. Ban taɓa ta ba ko sau ɗaya, amma 'yan bencinmu suna ta tafi. A ranar na gane cewa yawancin aikin ana yin sa ne lokacin da ƙwallo ba ta ƙafarka.

Abubuwa uku za ka tilasta wa kanka har su zama jiki. Waiwaye kafin ƙwallo ta iso, ka san wa ke bayanka da wanda za ka ba. Taɓawa biyu: tare, bayar. Yankan nan da ake yi maka kirari a kansa ka ajiye shi sai a kashi na ƙarshe na fili, kuma sai in kai da mutum ɗaya ne. Na uku, buɗe baki. A kulob ana magana: "bayanka!", "juya!", "mu fita!" Sabon shiga yakan yi shiru don kunya, sai 'yan baya uku su taka gaba shi ya tsaya, ya raya ɗan gaban da ya kamata a kama da satar fage.

Dokar ma ka karanta ta, kada ka dogara da musun gidan kallo. Babu satar fage daga jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga raga. In ka mayar wa golanka da ƙafa da gangan, ba zai kama da hannu ba. A jifa ƙafafu biyu a ƙasa, ƙwallo ta taso daga bayan kai.

Wata dabara da ta taimake ni fiye da zato: na riƙa zuwa filin Sani Abacha in Pillars suna gida, in zauna a sama, in zaɓi lamba uku in bi shi da ido minti casa'in, ko ƙwallo tana can wani ɓangare. Talabijin ƙwallo take bi, ba za ta nuna maka inda mutum yake tsayawa lokacin da ba a yi da shi ba. Abokaina suna ihun "Sai Masu Gida", ni ina ƙirga sau nawa mutum ya waiwaya.

Rajista, da maganar yanke shekaru

In koci ya yarda da kai, za a karɓi hotunanka da bayananka a yi maka lasin na gasar. Wannan katin shi ne farkon tarihinka a ƙwallo, don haka ka tabbata sunan da ranar haihuwar da ke kai su ne na NIN ɗinka. Duk takardar da aka ba ka ka sa hannu, karanta, ko ka kai wa wanda zai karanta maka, ka ga shekara nawa ta ɗaure ka, ka riƙe kwafi. Ranar da za ka sauya kulob sai tsohon ya ba ka takardar sallama, kuma a nan ne ake riƙe wa mutane wuya. Ka rabu da kowa lafiya.

Za a zo maka da maganar, ko ba jima ko ba daɗe. Ni wani mai shiga-da-fita a harkar ya ja ni gefe bayan wani wasa, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "In ka aske gemun nan, sha bakwai za ka koma." Ina da 25 a lokacin. Har suna gare ta, wai shekarun ƙwallo. Ban yi ba, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba, lissafi na yi. Takardar firamare, ta sakandare, BVN, katin zaɓe, duk suna ɗauke da shekara ɗaya, in je in ƙirƙiro wata in yi ta gyaran ƙarya da ƙarya har tsufa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 ta duniya da aka yi a nan Najeriya a 2009 FIFA take amfani da hoton MRI na wuyan hannu, wanda yake nuna ko ƙashi ya gama haɗewa. A 2016 'yan wasa 26 na tawagar matasanmu suka faɗi wannan gwajin ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da mu. Tun a 1989 ma FIFA ta taɓa dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwa. Ban da haka, wanda ya yanke maka shekaru ya riƙe sirrinka a aljihunsa, duk ranar da kuka saɓa da shi zai juya ka. Ga kuma yaron da shekarunsa na gaskiya 17 ne, wanda ka zauna a gurbinsa. Wannan hakki ne.

Sikirinin da 'yan "akwai hanya"

Naira dubu arba'in na taɓa biya, kuɗin ɗinkin sallah guda, don wani sikirinin, wato gwajin tantance 'yan wasa, da aka ce masu neman 'yan wasa daga Turai za su halarta. Mun fi mutum ɗari uku a filin. Aka ba kowa minti goma sha biyar, na taɓa ƙwallo sau huɗu. Baturen da aka ce, wani mutum ne da baƙin gilashi a ƙarƙashin rumfa, rabin lokacin yana cin gyaɗa. Aka ce za a kira mu. Lambar da ke jikin fom ɗin ba ta sake shiga ba.

Daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida. Kulob ɗin da yake son ka da gaske ba ya karɓar kuɗinka don ya gwada ka. Wanda ya ce shi ejan ne, tambaye shi lasisinsa: tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa ga wakilan 'yan wasa, kuma ana iya duba sunan mai lasisi a shafinta. In an nuna maka takardar gayyata daga wani kulob na waje, nemi adireshin kulob ɗin da kanka daga shafinsu, ka tura musu ka tambaya, kada ka yi amfani da lambar da ke jikin takardar. Kada ka ba kowa fasfo ɗinka ya riƙe. Kuma duk wanda ya ce ka shiga da bizar yawon buɗe ido "in an isa za a gyara", yana shirin ajiye ka ne a ɗakin haya a ƙasar da ba ka jin yarenta. Ko maƙwabta za ka, irin gasar Nijar ko Benin da 'yan Najeriya suke bugawa, sai an nema maka takardar sauya sheƙa ta ƙasa da ƙasa ta hannun hukumomin ƙwallon ƙasashen biyu kafin ka buga a halal.

In kulob na NNL ko NPFL ya buɗe gwaji na gaskiya kafin kaka, je ka. Isa da wuri, faɗi lambarka guda ɗaya, kada ka ce "ko'ina ina bugawa". Yi abu mai sauƙi da tsabta, yi magana, koma baya da gudu in an ƙwace. Masu duba 'yan wasa sun gaji da ganin masu son yanke mutum biyar. Amma hanyar da na fi ganin tana fitar da mutane ita ce kofin ƙalubale na jiha, inda ƙuri'a takan haɗa ƙaramin kulob da babba, kocinsu yana tsaye yana kallonka minti casa'in kyauta. Ka sa wani ya ɗauki cikakken wasanninka da waya daga wuri mai tudu. Koci mai hankali cikakken wasa yake so, ba guntayen da aka yanka aka sa musu kiɗa ba.

Shago, gida, da gwiwa

Kada ka saki sana'arka. A ƙananan gasanni abin da ake samu kuɗin mota ne da ɗan alawus in an ci wasa, wani lokacin ma ku za ku haɗa kuɗin motar. Ko a sama ana bin bashin albashi. Na zauna da maigidana na shago muka yi yarjejeniya: ina fita ƙarfe huɗu, in dawo bayan magariba in biya aikin. Da azumi kuwa, lokacin da ɗinki ya fi yawa, na rage zuwa sau biyu a mako, mara nauyi dab da shan ruwa, gudu mai ƙarfi sai bayan tarawihi. Mahaifiyata ta ce, "Kai da ya kamata ka kawo mini suruka, ƙwallo za ka fara?" Na ce, "Umma, ki ba ni kaka biyu, in ban samu gurbi ba na dawo." Kai ma ka yanka wa kanka wa'adi irin wannan, ka faɗe shi a gaban wanda kake jin nauyinsa. In ya cika, ka tambayi kocinka tsakani da Allah ina ka tsaya.

Abinci ba sai na kanti ba. Wake, ƙwai, kifi, fura da nono, shinkafa ko tuwo awa uku kafin wasa, ruwa tun safe ba sai ƙishi ya zo ba, musamman a zafin Afrilu. Barci ya fi duk wani garin ƙarin ƙarfi da za a tallata maka. Tiramol da makamantansa kuwa, da wasu suke haɗiya wai don kada su gaji, ciwo kawai suke rufewa, mutum ya yi ta gudu a kan jijiyar da ta riga ta yage.

Gwiwata ta dama ce ta tsayar da ni ina da 30. Na juya ƙafar tana kafe a ƙasa, na ji ƙas, kafin dare ta kumbura. Aka kai ni wurin wani mai ɗori ya ja, ya murza, ya ɗaure, na koma fili bayan mako uku, ta sake zamewa. Sai da na je asibitin ƙashi na Dala aka duba aka ce jijiyar cikin gwiwar ce ta tsinke, abin da ɗori ba ya kamawa. Don haka in gaɓa ta yi ƙara, ta kumbura nan take, ko ta ƙi ɗaukar nauyinka, sa ƙanƙara a tsumma, ɗaga ƙafar, ka tafi a yi hoto kafin kowa ya taɓa ta.

Wanda ya ga bugawar ta ƙi, filin bai rufe ba. Ana yin kwas ɗin koci na matakin farko, lasisin CAF D, ta hannun hukumar ƙwallo, akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, a Legas ga mai son zurfafawa. Ƙungiyar alƙalan wasa ta jiha tana ɗaukar sababbi, su ma sun fi son matasa, don haka kada ka ja lokaci. Ga kuma 'yan All Stars, tsofaffin 'yan wasa na safiyar Lahadi, inda nake lallaɓa gwiwata yanzu, har yau a lamba uku.

In ka gama mako takwas ɗinka, ka zo ranar Litinin, ba ranar wasa ba, don ranar wasa koci ba ya ganin kowa. Ka riga shi isa fili. Riga biyu, fara da mai duhu, saboda ba ka san ɓangaren da za a jefa ka ba, sai but, shingad, gorar ruwa da kwafin NIN. In ka ga ana ɗauko kwanuka da raga daga buhu, kama musu.